Kwanakin Farko Bayan Ajiye Taba Sigari

Gaisuwa ga jama'ar Adawlato a birnin Lome, masu shaguna da masu tebur, 'yan dako da 'yan zemijan masu babur da ke jiran fasinja a bakin babbar kasuwa, da iyayenmu mata da ke saurare daga gida a Zango.

Shirinmu na yau na mutumin da ya riga ya yanke shawara ne. Ba za mu tsaya gaya masa cewa taba na kisa ba, ya sani, a jikin kwalin da yake saya ma an rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, ta kuma ce fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu shanta suna son su daina. Ashe niyya ba ita ta yi ƙaranci ba. Inda ake faɗuwa shi ne makon farko. Mutum ya rantse ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Asabar ya daure, Lahadi ya yi faɗa da kowa a gida, Litinin da hantsi sai ga shi a gaban mai tebur yana cewa, "Ba ni kara ɗaya." Waɗannan kwanaki uku zuwa bakwai su za mu duba yau.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin jiki, domin wanda ya san dalilin ciwonsa ya fi iya haƙuri da shi. A cikin taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin. Idan ka zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki wani sinadarin mai suna dofamin, wanda ke kawo ɗan jin daɗi da sakin jiki. Amma nikotin ba ya daɗewa. Cikin awa biyu rabinsa ya bar jini. Wanda ya shekara goma yana shan kara ashirin a rana, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta ƙara yawan wuraren da nikotin ke sauka, ta saba da a cika su kowane lokaci. Da zarar sun fara zama fanko sai ƙunci ya taso, hankali ya rabu biyu, hannu ya nufi aljihu.

A nan ne masu shan taba da yawa suke ruɗuwa. Za ka ji mutum ya ce taba ce ke kwantar masa da hankali. Ƙuncin da yake ji kafin ya kunna, tabar da ya sha awa biyu da suka wuce ita ta haifar da shi. Sabuwar tana biyan bashin tsohuwar ne kawai, ta kuma bar nata bashin. Maƙwabcinka da bai taɓa sha ba, nutsuwar da kake samu bayan ka kunna, da ita shi yake wuni kyauta.

To idan aka daina, me za a gani? Alamomin kan fara tun a yinin farko. Sun fi tsanani a rana ta biyu da ta uku. Daga nan sai su fara sauka, kuma ga yawancin mutane mafi yawansu sun wuce cikin mako biyu zuwa huɗu. Akwai saurin fushi, akwai rashin iya zama wuri ɗaya. Wani barci ya ƙi zuwa, ko ya zo da mafarkai barkatai, har ya ga kansa yana shan taba ya farka a firgice. Ɗan kasuwa zai ga lissafin da yake yi da ka ya fara kuɓuce masa, ya ƙirga kuɗi sau uku bai tabbatar ba. Yunwa ta ƙaru. Wasu bayan gida ya yi musu wuya, wasu bakinsu ya yi 'yan ƙuraje, wasu kuma tari ya ƙaru, har su ce ai da suna sha sun fi lafiya. Tarin nan huhu ne ya samu sarari yana fitar da dattin da ya tara. Duk waɗannan ba su da daɗi, amma ga mai lafiya ba masu halakarwa ba ne. A daidai wannan lokaci kuma gyara ya riga ya fara: cikin awa 12 gubar kabon monoksaid da hayaƙi ke zubawa a jini ta koma daidai da ta wanda ba ya sha. Ita kuwa ƙwaƙwalwa takan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin waɗancan wurare da ta ƙara su ragu su koma yadda suke tun asali.

Yanzu ƙishin tabar kansa. Wanda yake cikinsa gani yake ba zai taɓa wucewa ba, alhali in ka sa agogo a gabanka za ka ga yawanci minti uku zuwa biyar ne yake yi da ƙarfinsa, in ya yi naci ya kai goma, sannan ya lafa, ko ka sha ko ba ka sha ba. Halinsa ɗaya da ɗan tallan da ke zagaya layukan Adawlato: ya tsaya a kanka ya yi ta naci, in ba ka taya ba ya gaji ya wuce, in kuwa ka taya ko sau ɗaya to gobe ma ya san wurinka. Saboda haka kada ka ɗora wa kanka nauyin "har abada" a safiyar rana ta biyu. Aikin da ke gabanka minti biyar ne. Ka ce wa kanka, zan jira minti goma tukuna. A cikin goman nan ka tashi daga inda kake zaune. Ka sha ruwa a hankali, kurɓi-kurɓi. Ka ja numfashi ta hanci har ciki ya cika, ka sake shi ta baki sannu a hankali, sau biyar ko goma. In da wanda zai tsare maka shago, ka taka da sauri ka zagaya layi, ko ka gangara bakin teku ka dawo, ai ba nisa. An gwada an gani, tafiyar minti goma da ɗan sauri tana rage ƙishin taba a take. Baki da hannu kuma sun saba da aiki, ka ba su wani: asuwaki, carbi, 'yar gyaɗa, karas, ko ɗan kanumfari.

Kun lura ban ce goro ba. Ga dalili, kuma ina roƙon a kasa kunne, domin wannan magana ta shafe mu mutanen Zango fiye da kowa.

Mu jikokin fataken goro ne. Idan mutum ya ce ya daina taba, shawarar farko da zai ji a majalisa ita ce, "Riƙe goro a baki." Sai ya ninka goron da yake ci, ya ƙara da ataya zagaye uku, da safe kuma ga kofi mai kauri a wurin mai shayi. Goro da ganyen shayi da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, mai hana barci da sa bugun zuciya. Abin da mutane ba su sani ba shi ne hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa ƙone kafeyin da sauri. Da ka daina sha, cikin 'yan kwanaki hanta ta koma tafiyarta ta asali, sai kafeyin ya riƙa daɗewa a jini, har yakan kusa ninka yadda yake a da, ko da ba ka ƙara ko ɓari ɗaya na goro a kan abin da ka saba ba. To ina ga wanda ya ƙara? Hannu ya yi ta rawa, zuciya na dukan uku-uku, dare ya raba ido biyu, gari ya waye rai a ɓace. Shi kuma duk sai ya ɗora laifin a kan barin taba, ya ce jikinsa ba zai iya ba. A makonnin farko ka rage goro da shayi da kofi zuwa rabin abin da ka saba, bayan la'asar kuma ka haƙura da su gaba ɗaya. Ban ce ka yanke su rana ɗaya ba, yin haka na kawo nasa ciwon kan.

Wannan aikin hanta ya shafi wasu magunguna ma. Akwai na asma irin su tiyofilin, akwai wasu na taɓin hankali, waɗanda ƙarfinsu ke ƙaruwa a jini idan mutum ya bar taba. Mai ciwon suga shi ma ma'auninsa kan canza. Duk wanda yake kan magani na kullum, ya gaya wa likitansa ranar da zai daina, don a duba ko za a gyara masa awo.

Bayan nikotin, akwai sabo. Shi ya fi daɗewa. Mai shan kara ashirin a rana, in kowane kara ya zuƙa sau goma, ya kai hannu baki sau 200 ke nan a yini. A shekara fa? Kowane kara kuma yana da wurinsa da lokacinsa. Akwai na bayan shayin safe. Akwai na bayan cin abinci. Akwai na lokacin da ciniki ya faɗa, da na lokacin da ciniki ya watse. Tun da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari a 1977 aka mayar da jama'a can arewa wajen Agoè, mutanenmu da yawa kullum sai sun yi doguwar tafiya zuwa kasuwa su koma, kuma a tasha, wajen jiran mota, nan wasu suka koyi kunnawa. Direban babbar mota da ke kwana a layi a tashar jiragen ruwa yana jiran a yi masa lodi, taba ce abokiyar hirarsa. Wuraren nan da kansu suke tayar da ƙishi, ko da jiki ya riga ya wanke nikotin.

Maganin sabo shi ne a karya jerin. In ka saba shan shayi a teburin da ake sayar da taba kara-kara, ka canza mai shayi na wata ɗaya, ba gaba kuka yi ba. Da ka gama cin abinci kada ka zauna, tashi ka wanke baki ka yi asuwaki. Ashana da kwali da duk abin da ya rage a aljihun riga ko ƙarƙashin kanta, a fitar da su tun daren jajibiri. Kada ka ajiye kara ɗaya "saboda tsaro". Wanda ya ajiye, ya riga ya sa ranar shan sa.

Mu da muke azumi muna da wata hujja a hannu. A nan Lome daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana awa 13 ne da wani abu, kuma mashayin da ba ya iya awa ɗaya babu taba a sauran watanni, sai ga shi ya wuni lafiya lau a Ramadan. Jikin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne zuciya ta san babu hanya, don haka ba ta tsaya yin ciniki. Sai an kusa kiran magariba ƙishin ke tasowa da ƙarfi. An ga irin haka a wani bincike da aka yi a 2010 kan ma'aikatan jirgin sama masu shan taba: ko tafiyar gajera ce ko doguwa, ƙishinsu ya fi tashi ne dab da sauka, lokacin da suka san damar kunnawa ta kusa. Wanda ya ce "zan gwada in gani" ya bar wa ƙishi wurin shiga. Wanda ya ce "ni ba na sha" ya fi samun sauƙi, kuma haka ya kamata ka amsa wa abokin da ya miƙo maka a majalisa yana cewa, "Haba Malam, ja biyu kawai, ai ɗaya ba ya kisa." Ka ce, "Na gode, ba na sha." Kada ka tsaya dogon bayani.

Sai batun zafin rai, wanda a ganina shi ya fi mayar da magidanta ga taba. Mutum ya iya jure ƙishi, amma ya ga ya daka wa ɗansa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya ga ya kori mai saye saboda tayin da kullum yake karɓa da dariya, sai kunya ta kama shi ya ce gara in koma in zama mutum. Tun kafin ranar ta zo, ka tara iyalinka ka gaya musu. Ka ce, "Hajiya, daga gobe na bar taba. Mako biyun nan za ki ga raina na saurin ɓaci. Ba ke ba ce, ki yi haƙuri da ni." Ka gaya wa yaron shagonka haka, in ya ga fuska ta canza ya karɓi cinikin kai ka ɗan fita. Manyan maganganu, irin rabon riba da abokin kasuwanci, ko bin tsohon bashi, ko shari'ar cikin gida, in za su iya jira a ɗaga su zuwa bayan mako biyu. Idan fushin ya taso kuwa, abin da malamanmu suke koyarwa a wa'azi ya isa: ka yi shiru, in kana tsaye ka zauna, ka je ka yi alwala. Kafin ka gama, minti biyar ɗin nan sun wuce. Amma a fahimce ni da kyau, barin taba ba lasisin zagi ba ne, balle duka. In ka yi wa wani ba daidai ba, ka ba shi haƙuri a ranar.

Ku kuma iyayenmu mata da sauran mutanen gida, akwai magana ɗaya da nake roƙon kada ta fito daga bakinku, komai zafin da aka yi muku: "Don Allah Alhaji je ka sha tabarka mu huta." Wannan jimla ita yake jira, ko bai sani ba. Ta ba shi izini, ta kuma ɗauke masa laifi. Ku tuna hayaƙin da yake busawa a ɗaki ku da yara kuke shaƙa tare da shi, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya daga cikin waɗanda taba ke kashewa duk shekara ba su taɓa kunna ta da hannunsu ba. Haƙurin mako biyu ya fi wannan sauƙi. In rana ta yi ya wuni bai sha ba, ku faɗa masa kun gani.

Wani ba fushi ne nasa ba, ƙunci ne. Ya ji duniya ta yi masa fayau, kamar an yi masa rasuwa. Wannan ma sananne ne, kuma yakan wuce. A 2014 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta wallafa wani nazari da ya tattara bincike 26, aka ga waɗanda suka daina taba, bayan mako shida zuwa sama, damuwarsu da fargabarsu sun ragu in aka gwada su da waɗanda suka ci gaba da sha. Sai dai akwai iyaka. Idan baƙin cikin ya wuce mako biyu yana ƙaruwa, mutum ya daina cin abinci, ya daina fita kasuwa, ko ya fara tunanin cutar da kansa, to a kai shi ga likita a ranar, kada a tsaya cewa zai wuce. Wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa a baya, shi tun kafin ya daina ya kamata ya nemi shawara.

Game da yunwa, gaskiya ce yawancin masu dainawa kan ƙara nauyi, kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko. Kada wannan ya tsorata kowa, haɗarinsa bai kama ƙafar na hayaƙi ba. A dai lura kada alewa da lemon kwalba su maye gurbin taba. Kada kuma a bar ciki fanko tun safe har azahar kamar yadda 'yan kasuwa suka saba, yunwa na tayar da ƙishin taba, tana kuma ƙara zafin rai.

Akwai musayar da ba ta da riba. Wani ya bar sigari ya koma tabar gari da kanwa a ƙarƙashin leɓe. Matasa su koma shisha, su ce ai ruwa na tace hayaƙin. Ba ya tacewa. Nikotin ɗin dai shi ne, sabon ya ci gaba, ciwon ne kawai ya canza wuri. Mafi muni shi ne wanda zai nemi tramol ko ƙwayar barci daga hannun mai talla don ya samu sauƙi. Wannan ya bar ƙaramar matsala ya ɗauki babba.

Taimako na gaskiya yana nan, kuma neman sa ba gazawa ba ne. Daga cikin masu dainawa da ƙarfin zuciya kaɗai, ba shawara ba magani, uku zuwa biyar ne cikin ɗari suke kai shekara a yunƙuri ɗaya. A watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan yadda za a taimaki manya su bar taba. Ta amince da maganin maye gurbin nikotin, wato cingam na musamman da filastar da ake mannawa a fata, da kuma ƙwayoyi uku, bareniklin da bufrofiyon da sitisin, ta ce sun fi aiki idan aka haɗa da shawarar ma'aikacin lafiya. Cingam da filastar suna ba jiki nikotin kaɗan-kaɗan ba tare da hayaƙi da gubobinsa ba, ana ragewa a hankali har a rabu, kuma suna ƙara damar nasara da kamar rabi. Shi cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara. A ɗan tauna har a ji yaji-yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya lafa a sake taunawa. Ƙwayoyin kuwa sai da takardar likita. In kana kunna tabar farko cikin rabin awa da tashi daga barci, alama ce ta kama ka sosai, kai ne ka fi bukatar wannan taimako. Ka tambaya a asibitin unguwarku ko a farmasi, ko ka je babban asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio da ke Tokoin. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya kada su sayi komai sai sun ga likita.

Doka ma tana bayanka. Togo ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba tun 2005, kuma dokar ranar 31 ga Disamba 2010 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar wa yara. In ka roƙi wani ya matsa da hayaƙinsa daga bakin shagonka, ba rashin kunya ka yi ba.

In kuma aka yi tuntuɓe fa? Rayuwar kasuwa ba ta rasa girgiza. Duk wanda ya ga gobarar da ta cinye babbar kasuwa a Janairun 2013 ya san yadda dare ɗaya ke juya lissafin mutum, kuma a irin wannan rana, ko a ƙaramarta, hannu kan koma inda ya saba. In ka sha kara ɗaya, kada ka ce tunda an ɓata bari in ƙarasa kwalin. Ka yar da sauran nan take. Ka tambayi kanka a ina ne, da wa, me ya faru kafin nan, ka toshe wannan kafar. Galibin waɗanda ka gani yau sun shekara goma ba sa sha, sai da suka faɗi fiye da sau ɗaya. A Ingila tun 2012 suke da wani shiri na watan Oktoba inda ake roƙon mutane su daure kwana 28 kawai, saboda an gano wanda ya kai kwana 28 bai sha ba, damarsa ta rabuwa da taba gaba ɗaya ta ninka sau biyar.

Ga wani ɗan aiki da zai taimaka a cikin kwana 28 ɗin. Mu ƙaddara kana kashe dala ɗari a rana a kan taba, wato sefa 500. Ka nemi gwangwani ka riƙa jefa su kullum da yamma, ka ba uwargida ta ajiye. A ƙarshen wata jika 15 ne. A shekara sun haura jika 180. Ranar da ƙishi ya matsa, ka ce a fito maka da gwangwanin ka ƙirga.

Lokacinmu ya ƙure. Kai da ke da niyya, ka sa rana a cikin mako biyun nan, kada ta wuce haka. Ka gaya wa mutanen gidanka yau, ka rage goro da ataya, in kana kan wani magani ko kana shan taba tun da sanyin safiya ka biya asibiti kafin ranar. Ku kuma da kuke zaune da mai wannan yaƙi, ku ba shi mako biyu na haƙuri. Allah Ya ba da iko, Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.